Hannuwan Lutgarde Sun Daskare

Lutgarde Vermeersch kurma ce tun haihuwa. Shekara talatin da ɗaya ta yi tana guga a wani gidan wanki a garin Aalst. In ranta ya ɓaci, hannuwanta sun fi bakin kowa sauri a layinmu. Ni maƙwabciyarta ce, wajen 'yarta Femke na koyi maganar hannu tun muna makaranta.

Da aiki ya kai Femke birnin Ghent, hirarsu ta koma ta kiran bidiyo. Lutgarde tana ganin 'yarta tar, har ƙyallin 'yan kunne. Ita kuwa Femke sai ta ga uwar ta sandare, hannu a sama kamar gunki. Wata rana Lutgarde ta ce wa Femke kada ta zo ran Lahadi, girgiza kan da ke nufin "kada" ya maƙale a hanya. Femke ta iso da tukunyar miya, ta tarar da gida a kulle.

Lutgarde ta koma tsarin da kamfanin intanet ya ce ya fi kowanne sauri. Babu abin da ya canza. Sai suka turo wani ma'aikaci mai furfura, Ignace, ni kuma na zauna tsakani ina fassara.

Ya gwada ya ce, "Ki gaya wa Mama layinta lafiya lau."

Ta harare shi. "Tambaye shi, lafiyar ce take cinye mini hannu?"

Ya sosa ƙeya. "Wayar nan ta talabijin ce tun asali. Don ta kawo hoto aka yi ta, kaiwa daga baya aka laƙa mata. Hanyar shigowa babban titi ce, ta fita kuwa lungu, kuma duk unguwar nan lungu ɗaya kuke bi."

"To a faɗaɗa lungun mana."

"Sai an canza akwatunan bakin titi kaf, da ɗan abin nan na bango a kowane gida. Kuma yawancin mutane kallo suke yi, ba aikawa ba. Wa zai yi gaggawa?"

Na fassara sau biyu. Ta dubi wayar, ta dube ni.

"Waya ɗaya ce fa. Ta yaya ta san wanda ke shiga da wanda ke fita?"

Ignace ya fara bayani, ya zana layuka a bayan takarda, ni kaina na ɓace a tsakiya. Ta zuba masa kofi, ya sha ya tafi.

Bayan wata huɗu ta shigo mini da wasiƙa, fuska a sake: kamfani ya ninka sauri. Na karanta har ƙasa. Na shigowa ne aka ninka.

Yanzu da hantsi take kiran Femke, lokacin da yaran unguwa ke makaranta, lungun fita ba cunkoso, tana motsa hannu a hankali kamar mai koya wa jariri. In maganar mai muhimmanci ce, jirgin ƙasa take hawa zuwa Ghent.