Ƙwayoyin Inna

Innarmu ba ta iya cin abu ita kaɗai ba, kowa a Dayi ya san haka. Idan aka kawo masara daga gona, kafin Baba ya gama ɗinke buhuna, kwano ya riga ya zagaya maƙwabta. Baba kan ce da ita ke riƙe da rumbu, da ko damina ba za mu kai ba. Ita kuwa sai ta yi dariya ta ce alheri danƙo ne.

Shekarar da na gama sakandare aka gano tana da hawan jini. A wani asibiti a Malumfashi aka ba ta ƙwayoyin wata guda, aka ce ta riƙa shan ɗaya kullum. Ciwon kan da ya daɗe yana damunta ya lafa, jiri ya ɗauke. Nan da nan labari ya bazu cewa Inna ta samo maganin ciwon kai mai kyau. Matan unguwa suka fara shigowa, wannan kanta na sarawa, waccan ta wuni tana sussuka har idonta na juyawa. Inna sai ta ɓallo biyu ta miƙa, kamar goro. Dukanmu muna gani, ba wanda ya ga aibu, don haka ake yi da kowane magani a gidajenmu. Maganin wata sai ya ƙare a tsakiyar wata, sauran kwanakin ta zauna haka nan, tunda ba inda ke yi mata ciwo.

Tana tuƙa tuwo ranar da ta faɗi. Muciya ta kuɓuce mata, bakinta ya karkace. Har yau ɓarin jikinta na dama bai dawo daidai ba.

Nas ɗin da ta karɓe mu a asibiti ta tambaye ni ko Inna na shan maganinta. Na ce tana sha, har mutane take ba. Ta daɗe tana kallona, sannan ta jawo kujera ta yi mini bayani cewa wannan ciwo ba irin zazzaɓi ba ne da ake kora ya tafi, zama ya zo yi, kuma sau da yawa yana ɓarna mutum bai ji komai ba. Na ji haushi ƙwarai. Maganar da ba ta fi ta shan ruwa ba, amma sai da Inna ta rasa hannu muka ji ta.

Wannan haushin ne ya kai ni makarantar koyon aikin jinya. Ƙawayena sun fi son ɗakin haihuwa da na tiyata, inda aiki ke ƙarewa a yi barka. Ni suke tsokana da "nas ɗin tsofaffi", don kullum ina wajen masu hawan jini da ciwon suga, waɗanda ba a sallamarsu. Kafin in ɗaura wa mutum abin awo, nakan tambaye shi, "Baba, da wa kuke shan maganin nan?" Da yawa sukan yi dariya tukuna, sannan su ambaci ƙane ko maƙwabci.

A gida kuwa, maganin Inna yanzu a kulle yake, ƙanwata ke ba ta. Hutun da ya wuce, wata tsohuwar ƙawarta ta shigo dafe da kai. Inna ta dube ni. Na ce, "Gwaggo, bari in auna ki, gobe in raka ki asibiti, amma ƙwayar Inna ba zan ba ki ba." Ta yi godiya sama-sama, ta saka takalmanta ta fita.

Inna ta ce da harshenta mai nauyi, "Na kai ki boko, kin dawo kin mai da ni marowaciya a unguwa."

Maganar ta yi mini zafi, don na san a wajenta wannan ya fi shanyewar hannun ciwo. Da safe na kai mata ƙwayarta da ruwa. Ta karɓa da hagu, ta haɗiye, ba ta kalle ni ba. Na tsaya har na tabbatar ƙwayar ta wuce.