Wa Zai Yi Mata Kitso?

Shekarar da autata za ta shiga kwaleji, mun yi ta fita daga Greensboro muna leƙa ƙananan makarantun karkara. Da an wuce Summerfield sai dawaki suna kiwo, raɓa kwance a kan ciyawa, kamar a mafarki. Ita tana duba faɗin gado da ƙarfin intanet, babanta yana tambayar abinci. Ni kuwa kawunan 'yan mata nake kallo.

Wata makarantar tana da tafki, wata ɗakunanta kamar otal, amma ban ga kai ko ɗaya da kitso ba. Yarinyar da tun tana 'yar mitsitsiya a tsakanin gwiwoyina take zama duk Asabar ina yi mata kitso!

Makarantar ƙarshe duk ta fi tsufa. A matakalar ɗakin kwanan ɗalibai na hango wata zaune a ƙasa, ƙawarta tana tsaga mata gashi, hantsi yana zuba a kansu. Na tsaya, na kasa gaba.

Auta ta yatsine fuska, ta ce da Turanci, "Mama, ɗakunan nan warin danshi suke."

Na ce, "Taga ake buɗewa. Nan za ki zauna."