Kular Matata a Cikin Coci

"Malam Bitrus, wannan abin naka zafi ne ba ya so," in ji Mama Ladi, shugabar mawaƙan cocinmu a Sabon Tasha. A shekarun tamanin ke nan, ina gyaran rediyo.

Na haɗa wa cocin ɗan kibod na kiɗa da kayan tsofaffin rediyo. Da safe sautinsa daidai, amma da rana ta gasa rufin kwano sai ya yi ta hawa, mata na binsa har murya ta shaƙe. Ga bikin aure ranar Asabar!

Na fara yi mata bayanin transista, ta katse ni: "Ni ban san turancinku ba. Abin da ba a so ya yi zafi ko ya huce, a kula ake sa shi."

Na yi dariya. Amma ina isa gida na huda kular abincin matata, na zura wayoyi, na rufe allon da ke fitar da sautin a ciki.

Ranar biki, daga waƙar farko har amin, sauti bai motsa ba. Mama Ladi har guɗa ta rangaɗa.

Matata kuwa har yau cewa take ita ta yi kiɗan bikin nan.

Ku fa, wa ya taɓa koya muku sana'arku alhali bai san kanta ba?