Dabinon da Babu Ƙwallo

Ɗan ƙanwata ne, amma a hannuna ya tashi tun da uwarsa ta rasu, Allah Ya jiƙanta. Da ƙanjamau aka haife shi. A gidanmu da ke unguwar Kilomita Biyar, ni da maigidana kaɗai muka san haka. Kullum da safe ina ajiye masa ƙwayar maganinsa kusa da kofin shayi, ya haɗiye ina kallo. Har malamar asibiti ta ce cutar ta kwanta, gwaji ma ba ya iya ganinta a jininsa, muddin bai yi fashin shan magani ba.

Shekarar da ya cika sha tara ya samu aiki a shagon waya a Titin Koudoukou. Da azumi ya zo, malamar ta mayar masa da lokacin shan maganin zuwa buɗa-baki. To ai a shago suke shan ruwa, shi da maigidansa da maƙwabta, tabarma ɗaya, tire ɗaya, kuma ba ya dawowa gida sai an gama tarawihi. Ya ce ba zai taɓa fito da kwalbar magani a gabansu ba, kowa ya san kalarta.

Sai na yi dabara. In tsaga dabino, in cire ƙwallon, in tura ƙwayar a gurbinsa, in ƙulle shi daban a leda, in sa a gefen kular abincin da mai babur yake kai masa. Na ji daɗin kaina ƙwarai, har nake cewa Allah ne Ya kimsa mini.

Ana tsakiyar azumi na haɗu da matar wani tsoho mai canjin kuɗi a kasuwa, wajen masu gwangwanayen Kamaru. Shagon mijinta yana jikin na su yarona. Tana dariya ta ce, "Hajiya, wane irin dabino kike saye? Malam ya ce ƙwallonsa fari ne, ga ɗaci, sai da ya tofar."

Ban san amsar da na ba ta ba. Na dai tuna na dawo gida babu albasar da na fita saye.

Washegari kafin ya fita na tsare shi a zaure. Ya ce sau ɗaya ne hakan ta faru, tsohon ya miƙo hannu, shi kuma ba ya iya hana babba dabino a bakin shan ruwa. Tun daga ranar yana zare ƙwayar tukuna, ya ba da dabinon sadaka, ya sha maganin daga baya. Da yaren Sango na garin nan ya faɗi wannan, kuma na lura in zai kauce mini ne yake barin Hausa.

Da na zo wanki, na tarar da farin abu ya narke ya manne a aljihun wandonsa. Na shinshina, na ɗanɗana a harshe. Ɗaci. Ƙwaya ɗaya ce ko da yawa, ban gane ba. In daina aika dabinon, ya rasa gaba ɗaya? In ci gaba, wani ya haɗiye asirinmu? In ce ya ajiye azumi, me zai gaya wa 'yan shago? Na yi ta addu'a ban san takamaiman abin da nake roƙo ba.

Bayan Sallah aka yi gwaji, malamar ta ce cutar ta farka, ta sake bayyana a jini. Na fara ba ta labarin dabino, sai ta ce in ɗan jira a waje, da shi take son magana. Ni da nake kawo shi tun yana goye.

Sun daɗe a ciki. A hanya ya ce, "Inna, ki ba ni kwalbar. Ni zan riƙe."

Na ce a ina zai ajiye, yaushe zai sha?

"Mun yi magana da ita."

Na ba shi. Gwajin da ya biyo baya shi kaɗai ya je, ya dawo ya ce Alhamdulillahi, ya wuce ɗaki. Ban ga takarda ba, ban kuma san ko ya kamata in nema ba. Har yau in na ajiye masa shayi da safe, hannuna yakan tsaya a gefen kofin.