Cittar Baba a Cikin Kwalba

Ina zaune a unguwar Television wurin yayata, ina taya ta aiki a shagon ɗinki, sai wata Lahadi fasto ya yi sanarwa bayan sujada. Wai wata kwaleji a wajen Barnawa za ta koya wa matasa aikin ɗakin gwaje-gwaje kyauta. Wani kamfanin iri ne ya ɗauki nauyi, kuma waɗanda suka yi ƙoƙari zai ɗauke su aiki.

Yayata ta taɓe baki. "Kyauta? A garin nan? Ki dai buɗe ido."

Na je. Aka ba mu fararen riguna da safar hannu. Malaminmu, wani mutumin Filato mai sanyin magana, ya koya mana yadda ake yanko ɗan tsiro ƙanƙani kamar ƙwayar gero, a wanke shi da magani, a rufe a kwalba ya yi ta 'ya'ya. Aikin ya shiga raina. Hannun da ya saba da allura ba ya rawa.

Can sai wata mata daga kamfanin ta fara zuwa. Ba ta koyar da komai, zagayawa kawai take tana tambayar kowa garinsu. Da ta ji babana manomin citta ne a kudancin jiha, ta ja kujera ta zauna. A shekarun nan cuta ta ruɓar da cittar mutane da yawa a wajenmu, amma ta Baba, wani tsohon iri da ya gada, ta tsira. Na ba ta labari ina alfahari.

"Ki kawo kaɗan ki yi gwajinki da ita," in ji ta. "Don karatunki ne."

Daga ranar ta riƙa gaishe ni fiye da kowa, abin ya tsaya mini a rai. Na sami malam shi kaɗai na ce, "Malam, in na kawo ta, ta wa za ta zama?"

Sai da ya kalli ƙofa kafin ya amsa. "Ni koyarwa aka ɗauke ni in yi."

Na kira Baba a waya. Ya ce, "Su wane ne? Sun taɓa riƙe fartanya?" Ya yi ta juya maganar, daga baya ya aiko da ɗan ƙunshin cittar ta hannun direban garinmu, ya ce in dai zai sa in sami aiki, shi ke nan.

Cittar ta karɓi kwalba sosai, kantata ta cika da kore. Wata Litinin na shigo na tarar da kantar wayam. Aka ce an kwashe zuwa kamfani saboda wuta ba ta zama a kwaleji. Gaskiya ne wuta ba ta zama. Amma kwalaben masu ayaba da rogo suna nan inda suke.

Muka gama, aka ba mu satifiket. Kamfanin ya ɗauki wasu, ban da ni. Matar ma ban sake ganinta ba. Da takardar na sami aiki a ɗakin gwajin wani ƙaramin asibiti, har yau can nake, kuma ina godiya.

Bayan 'yan shekaru wasu suka zo kasuwar garinmu da dashen citta a baƙaƙen ledoji, wai sabon iri ne da cuta ba ta kamawa. Baba ya sayi ɗaya ya dasa a gefen gona. Da na je Kirsimeti ya tono ta, ya karya, ya shinshina, ya miƙo mini.

"Baba, taka ce?"

Ya daɗe yana taunawa. "Kama dai ta yi kama," ya ce. "Amma citta ba ta magana."

Na taɓa haɗuwa da malam a keke napep, na tambaye shi. Ya ce ɗalibai da yawa sun kawo citta kafina da bayana, shi ba zai iya rantsewa ba. Bai kai inda ya ce wa mai keke zai je ba ya sauka.