Faifan da Ya Ƙi Tashi a Zauren Baba

Idon Baba ya soma rauni ne a shekarun da aka ƙaddamar da shari'a, daidai lokacin da mutane suka fi buƙatarsa. Malami ne a Kabo, yana karantarwa a zaure, ga kuma Islamiyya a bayan gida. A shekarun nan kowa ya tashi da tambaya, daga mai rikicin iyakar gona har mai son sanin hukuncin abin da ya daɗe yana yi bai taɓa tambaya ba. Baba ya san amsoshin, amma ba ya yarda ya ba da fatawa sai ya ga wurin a littafi. A asibiti a Kano suka ce jijiyar ido ce, ba a yi mata aiki. Yana gane mutum in ya tsaya a bakin ƙofa, amma ƙananan baƙaƙen littafi sun zama masa tururuwa.

Ni na zama idonsa. Na yi kwalejin horon malamai a Kano, can na ɗan koyi kwamfuta, Larabcina kuma a gabansa na same shi. Kullum bayan la'asar nakan zauna in karanta masa, yana gyara mini wasali. Gyaran yana ƙona mini rai, don ni mai saurin fushi ce, kuma ta wajen Inna na gado shi. Ga shi an riga an sa ranar aurena, bayan girbi zan tare a Katsina. Ƙannena maza Larabcinsu bai wuce na salla ba. Baba bai taɓa ɗaga zancen ba, amma wata rana na leƙo na gan shi ya buɗe littafi, ya kai shi har hancinsa, ya daɗe, sannan ya rufe ya ajiye. Abin ya tsaya mini a rai.

Ana haka wani tsohon ɗalibinsa ya dawo daga aikin Hajji da faifan kwamfuta a cikin kwali mai kyau. Ya ce littattafai ne a ciki, sun fi na zauren nan yawa. Ya haɗo da tsohuwar kwamfuta ta hannu da ya saya a Kano, da wani faifan daban, tsirara a cikin leda, wanda za a fara ɗora mata don ta tashi ta kuma iya Larabci. Ya ce sadaka ce ga makaranta. Ni kuwa zuciyata wuri guda ta tafi: na san a kwamfuta ana iya ƙara wa harafi girma har ya kai tafin hannu. In ta tashi kafin in tafi, Baba zai yi karatu da kansa.

Kayan suka kwana biyu a zaure, don ba wuta. Ranar da aka kawo wutar na bar tuwo a kan murhu na fito. Da na zaro faifan ledar na ga rubutun Baba a samansa, ban ko tsaya ba. Duk abin da aka ba makaranta sai ya rubuta masa da Larabci cewa wakafi ne don Allah, ba a sayarwa, ba a kyautarwa, ba a gado. Littattafai, alluna, benci, har butar alwala suna ɗauke da shi. Hannunsa ya haddace, ba ya buƙatar ido.

Na sa faifan. Ya yi gurnani, ya juya, ya yi shiru. Allon ya yi baƙi da ɗan farin rubutu na Turanci, wai ba ta sami abin da za ta tashi da shi ba. Na shiga shuɗin allon nan da ake tsara mata al'amura, na ce ta fara duba faifai kafin komai. Kafin in gwada aka ɗauke wuta. Da ta dawo sai na tarar kwamfutar ta manta duk abin da na gaya mata, kwanan watanta ma ya koma wata shekara da nake firamare. Na kwance murfin, na ga wani ɗan batir kamar maɓallin riga. Ashe shi ne yake riƙe mata lokaci tun daga ƙasar da aka ƙera ta, a cikin jirgin ruwa, a cikin shago, a cikin duhu, har ya gaji. Na daɗe ina juya shi a tafin hannuna ina tasbihi. Na samo sabo wajen mai gyaran agogo, ta daina mantuwa. Amma faifan ya ƙi.

Na hura masa iska, na goge ƙasansa da gefen ɗankwalina. Kamar madubi yake, ko ƙwarzane babu. Na sake sawa har Inna ta ce ƙarar ta ishe ta.

Dawa ta soma nuna a gonaki, ni kuma hankalina ya tashi. Na naɗe akwatin kwamfutar a zane na shiga motar Gwarzo. Lokacin mai ya yi wuya, mota ba ta tashi sai ta cika maƙil, mu mata a baya. Wata tsohuwa ta taɓa ƙunshin ta ce, "'Yar nan, injin taliya ne?" Na ce eh, don ba ni da ƙarfin bayani.

Kusa da sakatariya akwai wani mai buga wa mutane takardu, yana da janareto. Mutum ne mai haƙuri. Ya cire mazubin faifan ya sa nasa, ya zare wasu 'yan sanduna daga ciki ya goge ya mayar. Shiru. A ƙarshe ya sa faifaina a tasa kwamfutar, ita ma ta ƙi.

Ya ce, "Malama, na'urarki lafiyarta ƙalau. Faifan ne ya mutu."

"Ya mutu ta yaya? Dube shi fa!"

Ya juya ƙasansa ya duba, ya ce shi ma bai ga komai ba. Ba shi da wani faifan mai Larabci, sai in ya shiga Kano, kuma bai san ranar ba.

Na iso gida bayan la'asar, raina a ɓace. Baba yana zaune a zaure shi kaɗai, zauren da duhu kamar kullum, rana tana bakin ƙofa. Ya ce, "Yaya hanya? An dace?"

Na ce, "Faifan banza aka kawo mana, Baba." Na zaro shi, na ɗaga hannu zan wurga shi waje.

A nan hannuna ya tsaya. Haske yana ratsowa ta cikin faifan. Ba ta ramin tsakiya ba, ta cikin rubutun. Kowane harafi yana ci kamar an zana shi da wuta, layi ya zagaye faifan.

"Baba, da me ka yi rubutun nan?"

"Tawada ta ƙi zama, sai zamewa take. Na ɗauko basillar da nake ɗinke gafaka."

Na ce, "Na littattafan fa?"

"Shi ai yana da kwali. A kwalin na rubuta."

Na yi ajiyar zuciya. Daga baya mai kwamfutar Gwarzo ya bayyana mini cewa abin da ke cikin faifai yana kwance ne a ƙarƙashin ɗan fentin sama, gefen da ba wanda yake dubawa. Basillar Baba ta kankare shi harafi bayan harafi. Amma a lokacin faɗa ne a bakina, na wahalar mota, na batir, na duk kwanakin da suka tafi. Kafin in buɗe baki ya ce, "Me kika gani? Miƙo."

Na sa masa a hannu, na ɗaga hannun nasa wajen ƙofa. Ya matso da shi, ya ja baya kaɗan. Har na zaci bai ga komai ba. Sai na ga leɓensa yana motsi, ɗan yatsansa yana juya faifan a hankali yana bin layin.

Can ya ce, "Harafin wawun nan ya karkace."

Ya ƙara matso da shi kusa da idonsa.

"Dubi wutsiyarsa. Ashe haka rubutuna ya koma, ba wanda ya gaya mini."

Ya yi shekara da shekaru bai ga rubutun hannunsa ba. Na zauna a kan tabarma na yi ta kuka, shi kuwa ko a jikinsa, yana ta neman wani kuskuren.

Sabon faifai ya iso daga Kano ana saura ƙiris biki. Kwamfutar ta tashi a gwajin farko. Na ƙara wa harafi girma har kalma uku ta cika allo, na koya masa maɓallin gaba da na baya. Ranar da zan tare na bar shi yana karanta wa wani manomi hukuncin iyakar gona, kalma uku-uku, da idonsa. Ya yi shekaru a haka kafin hasken ya ƙare gaba ɗaya.

Mataccen faifan bai yarda a yar ba. Ya ajiye shi a kan shiryayye tare da littattafai. Da Allah ya yi masa rasuwa aka zo rabon kaya, na ce ni ba na son komai sai shi. Babban ƙanena ya ɗauko, ya ɗaga shi wajen ƙofa, ya karanta da guntun Larabcinsa, sannan ya dube ni.

"Yaya, ya ce ba a gado."

Yana nan a zauren har yau. In na je Kabo nakan jira la'asar, in ɗauko shi in ɗaga wajen ƙofa, in duba wawun nan da ya karkace, sannan in mayar da shi inda na ɗauko.