Waƙar da Falmata Ta Rera a Gindin Murhu

A shekarun da dokar hana fita take kora mu gida tun magariba, gindin murhun kakata Dada a unguwar Bagadaza ya zama dandalinmu. Gidan haya ne, mu Fulani, ga Tangale, ga Tera. Sai aka ƙaro mana wata mata da 'yarta Falmata, sun gudo daga Borno.

Falmata sa'ata ce, amma ba ta magana. Hausarta kaɗan ce, kuma uwarta ta hana ta Barbarci, don a lokacin wanda aka ji shi a bakinsa sai a hau kallonsa. Mu kuwa, da rashin kunyarmu, muka sa mata suna Bebiya.

Wani dare Dada ta gyara itace ta ce, "Ga ta nan, ku matso, ba na ɗaga murya."

Wai an yi yaƙi, gari ya watse, wata tsohuwa ta tsinci jariri a gonar dawa yana ta tsala kuka. Ta yi masa waƙar reno da Hausa, bai yi shiru ba. Ta juya Fulatanci, ya ƙara. Nan Dada ta tsaya tana sosa kai.

"Tsufa! Na manta wadda ta lallashe shi. Ku taya ni."

Ladi, 'yar maƙwabtanmu, ta yi da yaren Tangale. Dada ta kasa kunne, ta ce, "Yana kuka." Aka yi da Tera, yana kuka. Muka zuba wa wuta ido, hankalinmu a tashe. Can sai wata siririyar murya ta taso daga bayanmu, ashe Falmata ce take rerawa da Barbarci. Uwar Falmata ta leƙo daga ɗaki a tsorace.

Dada ta ce mata, "Bar ta, 'yata. Yaro ya yi barci."

Daga ranar Dada ta kafa doka: ba a tashi hira sai kowa ya rera waƙar Falmata, sannan ta gidansu.

Da ƙura ta lafa Falmata da uwarta suka koma Borno, ban sake jin labarinsu ba. Yanzu in na ji ana gardama a rediyo kan yaren da za a koyar a makarantu don zaman lafiya, Dada nake tunawa, da ba ta fasa Hausa ba, kuma ba ta bar kowa a waje ba. Ina kewarsu ƙwarai.

Da waƙar Falmata nake renon 'yata. Jiya ta ce, "Umma, me take nufi?" Ban taɓa tambayar Falmata ba.